Kai mahaifi yawon fada da manyan majami'u a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Landan, mahaifina zai zo bikin yaye mu a watan Disamba. Shekarunsa 72, kuma yana fama da ciwon gwiwa. Ina so in kai shi Fadar Windsor da majami'un St Paul da Westminster. Kwana biyu za su isa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya kawo Baba lafiya. Ka ware kwana uku, wuri ɗaya a rana. Waɗannan gine-gine tun kafin zuwan lif aka yi su, abin da ke ƙarar da tsoho a cikinsu shi ne matakala da tsayuwa.

Fara da duba ranaku, don nan aka fi yin asarar kuɗin jirgi. Windsor a rufe take Talata da Laraba. Ranar Lahadi kuwa majami'un biyu na masu ibada ne kawai, haka ma cocin St George da ke cikin fadar, inda aka binne Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2022. Litinin ta fi dacewa da Windsor. Sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Majami'un biyu suna rage wa mai shekara 65 zuwa sama kuɗi.

Windsor a kan tudu take. Idan kuka hau jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ta Landan, a gindin tudun zai sauke ku, sai Baba ya haura da ƙafa. Gara ku tashi daga tashar Paddington, ku canza jirgi a garin Slough, ku sauka a tashar Central ta Windsor, wadda ke kusa da ƙofar shiga fadar. Ana bincike irin na filin jirgi, kada ku ɗauki babbar jaka. Suna ba da aron keken guragu kyauta. Dattawanmu ba sa son hawansa, gaskiya ne, amma ka lallaɓa shi, domin tafiyar cikin harabar ba kaɗan ba ce. Ba a ɗaukar hoto a ɗakunan sarauta.

A St Paul, wadda aka sake ginawa bayan gobarar Landan ta 1666, kada ku kusanci ƙubba: matakala 528 ne zuwa ƙololuwa, barandar farko kaɗai 257, kuma babu lif. Ku zauna a kujerun da ke ƙasanta ya ɗaga kai ya kalla. Akwai ƙofar da ba ta da matakala, ka tambayi ma'aikata.

Westminster, inda ake naɗin sarakunan Ingila tun 1066, matsalarta daɓe ne. Duwatsun kaburbura ne da sawu ya cinye, wani wuri tudu wani kwari, ga duhu-duhu. Riƙe masa hannu, ya sa takalmi mai ƙasan roba. Ba a cire takalmi a coci, amma al'adarsu maza su cire hula. Ka sanar da shi tun daga gida, in kuma ba zai cire ba, ka yi wa mai tsaron ƙofa bayani.

Sai lokacin salla. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar kamar a manne suke. Ku shiga da safe, ku fito wajen ƙarfe 12. Ranar Windsor ku yi salla a Slough, akwai masallatai da gidajen abincin halal.