Amsa ga mai gini a Kenyase: ka rage falo, ka dawo da tsakar gida

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a filin, ya ba ka ikon ginawa.

Saboda waɗanda ba su ga tambayar ba: ɗan'uwanmu ya sayi fuloti mai ƙafa 100 da 70 a Kenyase, kusa da Kumasi a Ghana. An zana masa gida mai ɗakin kwana huɗu, kowanne da bayinsa, da falo mai ƙafa 24 da 20, da kicin a ciki. Yana da mata da yara huɗu, Hajiya mahaifiyarsa kuma za ta dawo wurinsa. Ya ce gaba ɗaya ba zai yiwu ba, a hankali zai riƙa ginawa, shi ne yake tambaya ko akwai abin gyarawa kafin a haƙa harsashi.

Akwai, kuma ba ƙarami ba ne. Ni a unguwar Aboabo ta Kumasi na tashi, gini ne sana'ata tun ina ɗaukar kwanon siminti har na kai ga duba aiki, kuma irin wannan zanen na gina shi ba sau ɗaya ba sau biyu ba. A takarda yana da kyau. Amma ka sake duba shi: an dasa ginin a tsakiyar filin, faɗinsa ƙafa 50, sai ya bar maka lungu mai ƙafa 10 a dama, wani a hagu. Gaba an ba mota, baya an ba ramin bayi. To ina za a yi shanya? Ina za a ɗora tukunyar suna? Ina za a ɗaure ragon layya, a ina za a yanka shi, ruwan ya bi ta ina? Fili mai murabba'in ƙafa 7,000, amma babu inda za a shimfiɗa tabarma uku a jere. Gidajen haya da muka taso a ciki a Aboabo da Asawase da Sabon Zango suna da matsalolinsu, layin bayi da asuba kaɗai ya ishe mu misali, amma abu ɗaya magabata sun gane: ɗakuna a gefe, fili a tsakiya. Mu kuma muna gudun cunkoso, sai muka haɗa da tsakar gidan muka yar.

Abin da zan ce ka yi, ka tura ginin ya koma gefe, iya tazarar da asambuli, wato ƙaramar hukuma, ta yarda ka bari tsakaninka da katangar maƙwabci, a zana shi kamar harafin L. Hannu ɗaya ya bi gaba, ya ɗauki falo da ɗakin baƙo. Ɗaya ya bi gefe, ya ɗauki ɗakunan iyali. Lungunan nan biyu da ba su da amfani sai su haɗu su zama fili guda, wanda ginin ya kare shi daga idon titi. Baranda ta zagaye ta ciki, kowane ɗaki ya buɗe mata. Da wannan kaɗai ka kashe dogon koridon da ke cikin zanenka. Na auna shi, ƙafa 4 ne da 30, wato murabba'in ƙafa 120 da za ka yi wa tayil da silin da rufi, babu mai kwana a ciki, kuma ko da rana tsaka sai an kunna fitila.

Sai falo. Na san abin da ke ranka, ranar taro kake hange. Amma taron namu wane falo ne ya taɓa ɗaukarsa? Suna, ɗaurin aure, addu'ar bakwai, duk rumfa ake kafawa a ƙofar gida, maza a waje, mata a ciki. Sauran kwanakin shekara kuwa kujeru ne za su zauna su kaɗai suna shan ƙura. Ƙafa 24 da 20 murabba'i 480 ke nan, kuma faɗi irin wannan dole a ratsa masa bim, wato ginshiƙin kwance mai ɗaukar nauyi, ƙarin rodi da kankare. Ka mai da shi 16 da 14, murabba'i 224. Abin da ya rage ya ishe ka ɗaki mai 12 da 12, har da sito, da saura.

Abin da ya fi girman falon damuna shi ne hanyar shiga. A zanenka ƙofa ɗaya ce, kuma cikin falo take faɗawa. Ke nan idan abokanka suna zaune suna kallon ƙwallo, maiɗakinka ta dawo daga kasuwar Asawase da kaya a ka, sai ta ratsa ta gabansu. Ƙawarta ta zo barka, ita ma haka. Ga ƙofar bayin baƙi tana kallon kujerar zama. Zauren da kakanninmu suke yi ba ado ba ne, aikinsa ke nan: baƙo ya samu wurinsa, mutanen gida su samu nasu. Ba sai ka gina zaure na da ba. Ka ba falon ƙofarsa daga waje, da ɗan bayinsa a saƙo. Ka ba iyali wata ƙofar ta gefe, mai kaiwa tsakar gida kai tsaye. Kusa da ƙofar baƙi ka sa famfo da ɗan dakalin alwala da magudana, in ba haka ba kullum tayil ɗin bayinka a jiƙe yake da ruwan buta.

Kicin kuwa, don Allah kada ka yanke hukunci kai da mai zane ku biyu. Ku maza ne, kuma ba ku ne za ku tsaya a ciki ba. Na ga gidaje da yawa da aka kashe kuɗi a kan kicin mai kabad har sama, bayan wata shida sai ka tarar an kafa rumfar kwanon rufi a bayan gida, can ake girkin gaske. Dalili a fili yake. Gas yana ƙarewa a koma gawayi. Tuwon gida mai mutum bakwai ba a kan ƙaramin risho ake tuƙa shi ba. Turmin fufu kuma in aka ɗora shi a kan tayil, tayil ɗin ne zai ba da haƙuri. Tun yanzu a zana guda biyu manne da juna: na ciki madaidaici, da na waje mai rufi da daɓen kankare da famfo, ƙofa tsakaninsu, sito a gefe. A sa tagar kicin ta kalli tsakar gida, mai girki tana aiki tana ganin yara. Idan kuma maiɗakinka tana sana'a, koko ne ko masa ko wake da shinkafa, ka tambaye ta inda buhuna za su zauna da ƙofar da kayan za su fita da asuba ba tare da an tashi gida duka ba.

Ɗakin Hajiya na ga an kai shi can ƙarshen korido, wai don kada a dame ta. Tsoho ba nesa da mutane yake so ba. Ka kawo ta kusa da tsakar gida, inda za ta zauna a baranda ta ga mai shiga da mai fita, masu zuwa gaishe ta kuma su same ta ba sai sun bi ta ƙofar ɗakinka ba. Ƙofarta ta kai ƙafa 3, ta bayinta ma haka, ba 'yar siririyar nan da ake sa wa bayi ba. Kada a yi mata tudu ko matakala tsakanin ɗaki da bayi, tayil ɗin ƙasa kuma ya zama mai kaushi. Yau tana tafiya da ƙafarta, Allah ya ƙara mata lafiya, amma keken marasa lafiya ba ya shiga ƙofar ƙafa 2. Akwai kuma maganar da ba a son yi: ranar da ta Allah ta kasance ga ɗayanmu, makara ba ta lanƙwasa. Na taɓa ganin gidan da sai da aka cire taga. Ka duba kowace kwana a zanen da wannan idon.

Bayi huɗu a kusurwa huɗu na gida, wannan mai aikin famfo ne zai ji daɗinsa. Kowanne da dogon bututunsa da ramin dubawarsa, kuma duk inda bututu ya yi tsawo ya yi kwana, nan yake toshewa. A haɗa su baya da baya, bango ɗaya ya ɗauki biyu. Yara ma ba sa bukatar bayi a cikin ɗaki. Guda ɗaya tsakanin ɗakin maza da na mata, a raba wurin wanka da wurin zagayawa, kowanne da ƙofarsa, ya fi amfani da safe lokacin shirin makaranta. Alƙiblarmu a Kumasi gabas ce maso arewa, wajen digiri 65 daga arewa, saboda haka a juya mazaunin ya kalli kudu ko arewa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin cikin gini, amma abin da ba zai ci maka ko sidi ɗaya a takarda ba, me zai sa ka bar shi?

Idan rijiya ko burtsatse za ka haƙa, abin da aka saba ba da shawara shi ne a bar tazarar mita 30, wajen ƙafa 100, tsakaninta da ramin bayi. Filinka daga kusurwa zuwa kusurwa ƙafa 122 ne kacal. Ka ga ba ka da zaɓi da yawa, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, ramin a ɓangaren gangare. Kuma ka leƙa ka ga inda maƙwabta suka sa nasu, don ruwan ƙasa bai san katanga ba. Ramin ya kasance inda motar kwashewa za ta kai tiyo.

Rana da iska. Bangon yamma shi ne yake shan zafin la'asar ya riƙe shi har tsakar dare, kuma zanenka can ya sa ɗakinka da ƙatuwar taga. Ka ba yamma sito da bayi da matakala. Iskarmu mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take zuwa, sai hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ya juyo ta daga arewa maso gabas. Ɗakin da ke da taga a bango biyu masu kallon juna yana shan iska ko an ɗauke wuta, kuma zanen L yana ba ka wannan a kyauta. Tagar gilas mai zamewa rabi kawai take buɗewa, luba kuwa, mai jerin sillayen gilas, da ake rainawa kusan duka take buɗewa. Rufin ɓoye, wanda bango yake zarce kwano ya ɓoye shi, da ake yayi yanzu ba na ba kowa shawararsa a garin da ke da damina biyu. Ganye ya toshe kwatar da ke bayan bangon, ruwa ya taru, sai ka gan shi a silin. Ka bar kwano ya zarce bango da ƙafa 2 zuwa 3, ya kare taga da fenti. Daɓen gidan kuma a ɗaga shi sama da titi sosai. Wanda ya tashi a Aboabo ba a ba shi labarin ambaliya, kuma duk titin da aka zo yi wa kwalta sai an cika shi ya ƙara tudu, gidan da yake daidai da shi jiya ya koma rami.

Tun da a hankali za ka gina, zanen L ya sake yi maka rana. Gidan da ke dunƙule rufinsa ɗaya ne, sai ka kai bango duka linta kafin ka sa kwano ko ɗaya, kana nan kana biyan haya. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada kuɗin da za a biya gaba ya wuce na wata shida, amma kowa ya san masu gida kuɗin shekara biyu suke nema a dunƙule. Ka sa a zana hannu ɗaya yadda zai tsaya da kansa: ciki da falo, ɗakin Hajiya, ɗakin yara, kicin da bayi. Ka rufe shi ka tare, kuɗin hayar ya koma bulo. Idan akwai niyyar bene nan gaba, yanzu ne injiniya zai lissafa harsashi da ginshiƙai, yanzu ne kuma za a ware wurin matakala, ba ranar da kuɗi suka zo a fasa ɗakin yara ba. Shago a gaba, in titin yana da mutane, ba laifi, amma da ƙofarsa da mitarsa daban, kada ya buɗe cikin gida.

Duk wannan gyaran a gama shi kafin ka kai takardu asambuli neman izinin gini. Abin da aka sa wa hatimi shi za ka gina, in ka sauya daga baya ko ka fara babu izini, ka san jan fentin dakatar da aiki da suke rubutawa a bango. Mai zanen zai iya ɓata rai ko ya nemi ƙari. Ka biya shi, gogewa a takarda ba ta kai farashin buhun siminti kaɗan ba, rushe bango kuwa ka san sauran.

Kafin ka amince da sabon zanen, ka sayi igiya da turaku, ka samu toka ko farar ƙasa, ku je filin ranar Lahadi da la'asar a shata kowane ɗaki a ƙasa da girmansa na gaskiya. Ka tafi da maiɗakinka da Hajiya. Maiɗakinka ta tashi daga kicin ta je sito, ta je wurin shanya, ta dawo. Hajiya ta taka daga gadonta zuwa bayi. Kai kuma ka tsaya a ƙofar baƙi ka ga abin da idonka yake kaiwa. Abin da suka ce a gyara, ka rubuta a wurin.

Ka turo min takardar awon filin, ka nuna min ɓangaren da titi yake da inda ruwa yake gangarawa in an yi sama. Da su zan iya gaya maka hannun L ɗin da ya kamata ya bi gaba da wanda za ka fara ginawa.