Digirin digirgir a lissafin yiwuwa da ƙirƙirarriyar basira: ta ina zan fara?

Malam, ka ce kana koyar da lissafi a wani ƙauye kusa da Ringim, kana da digiri na biyu a ƙididdiga. To, fara da neman malamin da zai duba aikinka. A wannan mataki shi ya fi sunan jami'a nauyi. Leƙa Jami'ar Bayero da ta Tarayya da ke Dutse. In waje kake so, DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus, da tallafin Commonwealth suna ɗaukar nauyin karatu. TETFund kuwa, hukumar tallafa wa ilimi mai zurfi ta Najeriya, ta malaman manyan makarantun gwamnati ce.

Maudu'i ga shi a ƙofar gida: ambaliyar kogin Haɗeja. Haɗa alƙaluman ruwan sama na shekaru, ka auna yiwuwar ruwa ya cinye shinkafa a Auyo. Amma koyi Python ko R, harsunan kwamfuta na sarrafa alƙaluma, tukuna, ko da cajin kwamfutar sai a shagon mai sola.