Lilon Jamus da ka turo mini: ba walda kaɗai ta tsayar da shi ba

Ɗana, na kalli bidiyon, na kuma saurari saƙon muryarka. Tambaya biyu ka haɗa. Ta farko, yaya aka yi ƙarfe mai tsawon bene goma yake wulwula mutane a sama alhali an ce maka makon da ya wuce filin fayau yake. Ta biyu, ko mu ma za mu iya haɗa irinsa a shago kafin Babbar Sallah, mu kafa a filin unguwa mu samu na cefane. Ta farkon tana da daɗin amsawa. Ta biyun sai ka yi haƙuri da abin da za ka ji.

Na san wurin. Hamburg ne, filin da ake kira Heiligengeistfeld, bikin kuma Dom suke ce masa. Sau uku ake yinsa a shekara: ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ƙarshen Yuli zuwa Agusta, sai Nuwamba zuwa farkon Disamba, kowanne kusan wata guda. Na shiga lokacin da nake zuwa birnin neman injina na hannu. Ba a biyan kuɗin shiga, abin da ka hau shi kake biya wa. Za a ba ka ɗan faifan roba a ɗakin karɓar kuɗi, yaron lilo ya bi kujera-kujera ya karɓe kafin a tashi, wani kuma yana zaune cikin ɗakin gilashi da lasifika yana zuga mutane, yana tambaya ko a ƙara gudu. Ƙamshin almon da ake soyawa da sukari ya cika ko'ina. Giya kuwa da tsiran naman alade ba a magana, don haka Musulmi sai ya tambaya kafin ya kai wani abu baki. Laraba ana rage kuɗi saboda iyali. Wannan duk na gaba ne, kowa na gani. Ni bayan lilon na zagaya, inda ba fitila ba kiɗa, na durƙusa ina leƙen ƙarƙashi, har wani ma'aikaci ya zo yana tambayata ko na yar da wani abu ne.

Irin wannan biki ya kusa dubu goma a shekara a faɗin Jamus, daga na ƙauye mai lilo biyu har manya. Na Bremen tun 1035 ake cinsa. Oktoberfest na Munich ya faro ne a 1810 da bikin auren yarima Ludwig, yanzu yakan tara mutum wajen miliyan 6. Na Stuttgart an kafa shi a 1818 bayan wata muguwar yunwa. Masu lilon kuwa gidaje ne da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, a mota suke kwana, a mota suke girki, 'ya'yansu na yawo da littafin makaranta daga gari zuwa gari, malamin nan ya rubuta inda aka tsaya na gaba ya ɗora. An rufe biki daren Lahadi, kafin Juma'a ana son a buɗe a wani gari. Daga nan komai na ƙirar ya samo asali.

Mai zana irin wannan inji ba daga sama yake farawa ba, daga tirela yake farawa. Dokar hanyarsu ta ce mota kada ta wuce faɗin mita 2.55, tsayi mita 4, nauyi tan 40, in ba da izini na musamman ba. To duk girman da ka gani a bidiyo, dole ya naɗe ko ya rarrabu ya shiga wannan awo. Ba banza ba kamfanin Mack, wanda yau yake ƙera manyan jiragen wasa, masu gudu da mutane a kan layin ƙarfe mai hawa da gangara, ya fara a 1780 da ƙera keken doki, daga baya ya koma yi wa masu yawon biki motocin kwana. Da yawa daga cikin lilon ma tirelar ita ce gindinsa: a ja ta tsakiyar fili, a sauke ƙafafunta, haidirolik ya ɗaga ginshiƙin ya miƙe, a buɗe hannuwa, a jera dandamali a kewaye.

Yanzu ka buɗe kunne. Walda tana nan, mai kyau kuwa, amma a masana'anta aka yi ta, a ƙarƙashin rufi, da hannun wanda aka jarraba aka ba shi takarda. A fili ba wanda ke kunna injin walda don ya haɗa lilo. Abin da ke haɗa gaɓa da gaɓa fin ne, ƙarfe mulmulalle mai kaurin damtse, a shafa masa giris a zura cikin ramin da aka huda daidai da shi, a sa masa ɗan makulli a ƙarshe don kada girgiza ta zare shi. Kowane guntu da lambarsa, wani ma da launin fentinsa, kuma da jerin da ake bi. Yadda aka loda mota haka za a sauke, wanda za a fara buƙata shi ne a bakin ƙofa. Noti kuma ba a ɗaure shi yadda kake yi, ka zura fayif a sifana ka hau kai da ƙafa. Akwai sifana mai awo, ka saita ta a lambar da littafi ya faɗa, in ta kai ta yi ƙas, ka tsaya. Gobe ka ɗauko kusoshin da ke cikin gwangwanin nan ka duba kawunansu. Wanda ka ga an buga masa 8.8 ko 10.9, ƙarfinsa ke nan. Wanda ba lamba, na ƙofar shago ne, ba ya ɗaukar ran mutum.

Ƙera abin da za a kwance a sake ɗaurawa sau goma sha a shekara, kuma kullum rami ya haɗu da rami ba tare da an kira guduma ta yi sulhu ba, ya fi like shi har abada wuya nesa ba kusa ba. Mu nan in awo ya kuskure da rabin yatsa sai mu cike da rodi mu goge. A can ba wurin ɓoye wannan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ranar da na durƙusa shi ne ba fandisho. Ba a haƙa ba, ba a zuba kankare ba. Duk nauyin nan a kan katako yake zaune. Ƙarƙashin kowace ƙafa an jera guntayen katako mai tauri, wannan layi a tsaye, na samansa a gicciye, faffaɗa a ƙasa yana tsukewa sama, a ƙarshe a saka siraran falankai ko waigi har ƙafar ta zauna daram. Inda ƙasa ta gangara jerin ya yi tsawo, inda ta tashi ya yi gajere, ta yadda saman duka zai zo lebur guda. Kafin a sauke ƙarfe ko ɗaya an riga an auna filin da na'ura an yi alamar inda kowace ƙafa za ta faɗa. Katakon yana raba nauyi don kada ƙafa ta nutse, yana kuma riƙe ƙarfe kada ya zame. In ƙafa ɗaya ta yi lilo a iska ko da kaurin takarda ne, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, kuma duk zagaye sai ta bugi ƙasa. Shi ya sa in an yi ruwan sama da dare, da safe ƙarƙashi ake fara leƙawa. Wasu kuma da tankunan ruwa ake danne su: a zo da su wayam, a cika a wurin, a zubar ranar tashi.

Ka san iyakar inda wannan dabara ta kai? Akwai jirgin wasa mai suna Olympia Looping, wanda aka fara kafawa a Oktoberfest a 1989. Anton Schwarzkopf ne ya tsara shi, injiniya Werner Stengel ya yi lissafinsa. Da'ira biyar yake juyawa da mutane kai a ƙasa, layinsa mita 1,250, tsayinsa ya haura mita 30, nauyinsa wajen tan 900. Shi ma kwance shi ake yi a loda a motoci a tafi wani gari, kuma shi ma a kan katako yake tsayawa.

To me ke karya irin wannan ƙarfe? Ba nauyin rana ɗaya ba ne. Ɗauki guntun waya ka lanƙwasa ta gaba da baya. Ba ka ja ta da ƙarfi ba, amma can sai ta yi zafi ta ɓalle. Hannun lilo haka yake sha, ɗauka da saki, ɗauka da saki, sau dubbai a yini. Tsagar tana farawa ne siririya a gefen walda, daidai inda ɗinkin ya haɗu da jikin ƙarfe, musamman in mai walda ya bar rami ko ya ƙone gefen. Fenti ya rufe ta, ido ba ya gani, tana ci a hankali wata da watanni. Don haka in sanyi ya shigo aka koma masauki, sai a kwance injin, a kankare fenti a wuraren da ake zargi, a ɗora maganaɗisu a fesa ruwa mai garin ƙarfe. In da tsaga, garin zai taru a kanta ya ja layi baƙi. Manyan fin da shaf kuma da na'urar sauti ake leƙa cikinsu.

Dokar gininsu ta ware wa irin waɗannan abubuwa babi na kansu, na gine-ginen da ake kafawa a tashe. Kowane inji yana da littafinsa da ke bin sa duk inda ya je, da zanensa, da lissafinsa, da duk gyaran da aka taɓa yi masa. Izininsa na ɗan lokaci ne, ba ya wuce shekara 5, masu gudu sosai kuwa shekara ɗaya ko biyu ne sai an sake duba su. Masu dubawar su ne injiniyoyin TÜV, ƙungiyar da asalinta ya koma 1866, bayan tukunyar tururi ta fashe a wata masana'anta a Mannheim. Sabon inji ba a ɗora masa mutum sai an gwada shi da buhunan yashi ko gumakan roba cike da ruwa. Bayan wannan, duk garin da aka kafa, hukumar gini ta wurin sai ta zo ta duba ta sa hannu kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. Kullum kuma kafin a buɗe, mai injin ya zagaya da kansa, ya tashe shi ba kowa a ciki.

Burkin jirgin wasa irin na tirela ne da ka sani: sifirin ke matse shi, iska ke buɗe shi. Wuta ta ɗauke ko tiyo ya fashe, sai ya kama. An ƙera shi ne yadda in ya lalace zai lalace a tsaye.

Duk da haka an taɓa yin rashi a filin da ke cikin bidiyonka. A watan Agustan 1981, ana gyaran wani jirgin wasa da dare da injin ɗaga kaya, hannun injin ya shiga hanyar lilon da ke kusa yana cikin juyawa da mutane. Mutum 7 suka rasu. Ƙarfe bai gaza ba, walda ba ta ɓalle ba. An yi aiki ne kusa da inji mai motsi. Ka tuna wannan duk sanda na daka maka tsawa don ka miƙa hannu wajen injin yanka bai gama tsayawa ba.

Sai tambayarka ta biyu. A'a, ba za mu yi irin wancan ba, ba bana ba, ba baɗi ba. Ba don hannunmu bai iya walda ba. Ba mu da mai lissafin nauyi da gudu, ba mu da na'urar ganin tsaga, ƙarfen da muke saye a kasuwa ba ya zuwa da takardar da ke faɗin ko wane iri ne, kuma 'ya'yan mutane za a ɗora. Na ga lilon Sallah da aka haɗa da tsohon aksil na mota da injin markaɗe, yara na ihun murna, ni kuwa cikina na kaɗawa.

Amma ban ce ka bar tunanin ba. A Oktoberfest akwai wani tsohon lilo mai suna Krinoline da ke juyawa tun 1924, kuma har 1938 ƙarti ne ke kaɗa shi da hannu kafin a sa masa injin lantarki. Har yau ana layin hawansa. In kana so, mu yi ƙaramin mai juyawa na yara, na turawa da hannu, wanda kujerarsa ba ta wuce gwiwar babba daga ƙasa ba. Sabon fayif mai kauri, sabon boris, ba na bola ba. A rarrabe za mu yi shi, da fin da makulli, yadda zai shiga bayan a-kori-kura. Zanen kai za ka yi, da awon kowane guntu da lambarsa, mu kai wa injiniya ya duba kafin mu yanka komai, in an gama mu ɗora buhunan yashi da suka ninka nauyin yaran mu juya shi yini guda. Ka sayi littafi mai bango mai tauri, nasa ne shi kaɗai.

Kafin nan, gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri. Za ka like mini guntayen ƙarfe, mu ɗaure su a bais mu lanƙwasa da guduma har su karye, mu ga ko a jikin ƙarfen suka karye ko a ɗinkinka. Ka gaida mutanen gida.