Amsar Baba Dattijo a kan tambayar almajiranci

Salama gare ku 'yan'uwa. Ɗana da ya tambaya ko Kiristancinmu duk kwaikwayon Turawa ne, na ji ka. Amma ni a ganina wa'azin nan na "shuka iri ka girbi mota", wato ka ba da kuɗi a ikilisiya Allah ya mayar maka da arziki, shi ne ke damunka, ko ba haka ba? To wannan kam daga Amurka aka kwaso shi, koyarwar masu wa'azi su Oral Roberts da Kenneth Hagin ce ta can birnin Tulsa. Kada ka haɗa su da waɗanda suka fara kawo mana bishara. 'Yan mishan uku, Gowans da Kent da Bingham, sun sauka Legas a 1893, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu. Gowans a Girku ya rasu, nan ƙasarmu. Wace mota ya girba?

Ba wai 'yan mishan ba su da nasu laifin ba. Wurare da yawa sun hana ganga a sujada, suka bar mana kwat da taye cikin zafin Maris... to, bar wannan dai.

Mu yadda muka taso, mai bishara ne zai goya ka a keke ku tafi ƙauye. Kana ganin yadda yake addu'a, yadda yake yi wa matarsa magana, yadda yake jure yunwa. Haka 'yan EMS, ƙungiyar masu bishara ta ikilisiyar ECWA, suka yi, haka 'yan shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa. Yanzu fa? Ajin mako shida, a miƙa maka satifiket, a ɗauki hoto a sa a Facebook, shi ke nan wai ka zama almajiri. Alhali Luka 9:23 cewa ta yi ka ɗauki gicciyenka kowace rana.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wata ikilisiya nan Sabon Tasha, ba zan kama suna ba, baiko kan baiko don sayen lasifika da kibod, ƙara har ƙirjinka na girgiza. Ga gwauruwa a bayan majami'ar, ɗakinta na yoyo tun farkon damina, ta jera robobi a ƙasa. Sai 'yan Zumuntar Mata ne suka haɗa mata kuɗin kwanon rufi. Na yi magana a taron dattawa, aka ce ban san zamani ba. Ni! Lasifikar ma ɗaya ta ƙone, an ce ran Lahadi za a sake wani baikon.

Ɗana, ka biyo gida bayan sujada mu ƙarasa, cajina ya kusa ƙarewa.