Amsa ga mai neman ƙafafun tsaga iska na tsohon keken tsere

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka da hotunan keken, Allah ya sanya alheri, ka yi tsintuwa. Ga waɗanda ba su gani ba: ya sayi tsohon keken tsere na ƙarfe a gwanjo, da tambarin Columbus SLX, wato irin bututun ƙarfen da aka yi shi da shi, a jikin firam, giyarsa Shimano 600 mai hawa shida a baya, abin canza giyar kuma yana kan bututun ƙasa. Ƙafafun da ya zo da su ba nasa ba ne. Yana son ya sa masa masu tsaga iska irin na zamaninsa, ransa ya fi kwantawa da Campagnolo Shamal mai rim mai zurfi, ko kuma ƙafar kabon, wato zaren roba mai ƙarfi mara nauyi, mai hannu uku a madadin sifok.

Ba zan ɓoye maka ba, duka biyun kekenka ya girme su. SLX da giya shida na nuna tsakiyar shekarun 1980. In kana son ka tabbatar, juya abin ɗaga sarƙa na baya ko hannun feda, za ka ga haruffa biyu ƙanana da Shimano ke bugawa. Na farkon shekara ce: J na nufin 1985, K 1986, L 1987. Ita kuwa Shamal sai a farkon shekarun 1990 ta shigo kasuwa, lokacin da giya ta kai takwas. Mai hannu ukun da Specialized ya yi tare da kamfanin DuPont ita ma wajen 1990 ta fito. In ka ɗora su a kan keken 1986, wanda ya san abin zai gane tun daga nesa, kamar a ga dattijo da babbar riga da rawani ya sako takalmin ƙwallo.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne hotuna. Ana ganin Francesco Moser a birnin Meziko a watan Janairun 1984, da ƙafafun faifai, wato rufaffu ruf ba a ganin sifok, gaba da baya, ya ci kilomita 51.151 cikin awa ɗaya. Ana ganin Greg LeMond a 1989 da faifai a baya, ya ƙwace gasar Tour de France ta Faransa daga hannun Laurent Fignon da daƙiƙa takwas a ranar ƙarshe. Sai a ɗauka haka ake hawa a lokacin. A'a. Faifai na tseren agogo ne, inda kowa ke tafiya shi kaɗai, ko na cikin fili. Sauran ranakun gasa, waɗannan mutanen a kan rim siriri mara zurfi suke, irin su Mavic GP4, da sifok 32 ko 36. Har yau ma a taron tsofaffin kekuna na L'Eroica da ake yi a Italiya, inda ake karɓar keken 1987 zuwa baya, ƙa'idarsu rim mara zurfi ne da sifok aƙalla 32.

Amma ba wai babu rim mai tsaga iska a shekarun ba. Akwai, sai dai zurfinsa kaɗan ne, wajen milimita 20 ko ɗan sama da haka, bakinsa na ciki ya tsuke ya yi tsini maimakon ya yi murabba'i. Araya na Japan sun yi nasu tun farkon 1980, lokacin da Shimano ke ta zumuɗin kayan kekensu masu tsaga iska na Dura-Ace AX. Wolber na Faransa suna da Profil, a kan kekunan Trek ana samun Matrix ISO, Campagnolo ma zuwa ƙarshen shekarun sun fito da Omega mai tsini. Da yawansu launin toka ne mai duhu. Waɗannan su ne na zamanin kekenka, ana ɗaura su da sifok 28 ko 32, wani lokaci masu faɗi kamar an daddaɓe su.

Yanzu bari mu zo kan awo, don nan ne kuɗi ke ƙonewa. Cire ƙafar baya ka sa ma'auni tsakanin kunnuwa biyu na firam, ta ciki. Kusan na tabbata 126 za ka samu. Tsarin shi ne milimita 120 ga giya biyar, 126 ga shida da bakwai, 130 ga takwas zuwa sama. Gaba kuwa 100 ne. Shamal da Mavic Cosmic duk na 130 ne. Tunda firam ɗinka ƙarfe ne, ana iya buɗe shi, milimita biyu kowane gefe, har da hannu ma kana iya ja ka tura ƙafar ta shiga. In za a buɗe shi na dindindin, a yi a hankali, gefe ɗaya bayan ɗaya, a zagaya zare daga wuyan keken zuwa kunnuwan a auna ko ɓangarorin sun daidaita. Don Allah kada ka bari mai walda ya ce zai ɗan gasa shi ya yi laushi. Bututun SLX siriri ne ƙwarai, an haɗa shi da tagulla ne, wuta za ta ci fenti ta kashe ƙarfin wurin. Na ga firam mai kyau da aka yi wa haka a nan garin, tun daga ranar ƙafarsa ta baya ba ta ƙara bin sawun ta gaba ba.

Ko ka buɗe, aiki bai ƙare ba. Yawancin tsofaffin Shamal da za ka samu na haƙoran Campagnolo masu hawa takwas ne, kuma yankan gindinsu daban yake da na tara da goma, balle na Shimano. Ina za ka samo su a Sabuwar Kasuwa? Sannan abin canza giyarka mai ƙas-ƙas, wato mai tsayawa daidai a kan kowace giya, an yi shi ne don tazarar hawa shida, ba zai faɗa daidai a kan takwas ba. Za ka iya murɗa shi ya daina ƙas-ƙas ka riƙa lalubo giya da hannu, yana aiki lafiya, amma sai ka sauya sarƙa zuwa siririya. Ka ga daga sayen ƙafa an tafi canza rabin keke.

Wani awon kuma: duba rubutun jikin tayar da ke kai. 700C shi ne rim mai faɗin da'ira milimita 622, inci 27 kuwa 630 ne, ba sa shiga wa juna. Mu a nan akwai na uku da ke cin mutane, wato taya 28 ta manyan kekunan gida irin su Phoenix da Raleigh, wadda take 635. Mai shago zai rantse maka duk ɗaya ne. Ka nemi lambar 622 da idonka.

To, mu ce duk ka warware waɗannan. Sai Sakkwato ta yi nata bayanin. Ni na hau rim mai zurfi na milimita 40 da wani abu na tsawon lokaci, kuma a ranar da babu iska daɗinsa ba ya faɗuwa, in ya ɗauki gudu riƙewa yake yi. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hanyar Gusau kuma kudu maso gabas ta nufa, don haka da ka wuce Shuni ka doshi Dange a haƙarƙari take dukanka. Ƙafar gaba sai ta riƙa fizgar kan keken. Ƙara da tirela ɗauke da siminti daga Kalambaina ta wuce ta gefenka, iskarta ta ture ka sannan ta jawo ka. Mai jiki mara nauyi kamarka, yadda na gani a hoton, zai ji a jikinsa. Faifai ko mai hannu uku a gaba kuwa, a irin wannan lokaci, neman magana ne kawai. Ribar ma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, domin mafi yawan iskar da kake turewa jikinka ne ke tare ta. Sai ka haura kilomita 30 zuwa 35 a awa kafin ƙafa ta fara biyanka, kuma a cikin gari, tsakanin 'yan kabu-kabu da ramuka, yaushe za ka kai hakan?

Abin da ya fi damuna da Shamal a nan shi ne gyara. Sifok ɗinta 16 ne, wata ma 12, masu faɗi, an ɗaure su tamau, kawunan ɗaurin kuma suna ɓoye a cikin rim, sai an cire taya kafin a taɓa su. In ɗaya ya tsinke a hanyar Gwadabawa, ƙafar za ta karkace har ta kama birki, kuma babu mai gyaran da ke da irinsa daga nan har Illela. Mai sifok 32 kuwa, ɗaya ya tsinke ka ɗan saki birki ka iso gida, gobe a ɗaura maka wani da ɗan kuɗi kaɗan. Masu gyaran kekenmu sun iya ɗaurin ƙafa sosai, hannunsu ya faɗa a kan manyan kekuna masu ɗaukar buhu, in dai ka kawo musu abin da ya yi kama da wanda suka sani.

Kabon mai shekara talatin da ba ka san inda ya kwana ba, ban ba ka shawara ba. Tsagewarsa ba ta nuna kanta a waje. Spinergy Rev-X mai wuƙaƙe takwas tana da kyan gani, amma tun farkon shekarun 2000 dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fitar da ita daga tseren taron jama'a. In ka samu da arha ka rataye a shago.

Ka kuma lura ko rim ɗin na taya mai tiyub daban ne ko na ɗinkakkiyar taya da ake mannawa da gam. Da yawa daga cikin kyawawan ƙafafun wancan zamani na mannawa ne, masu sayarwa ba sa faɗa. Za ka gane shi da rashin baki mai kama taya, samansa kwari ne kawai. A zafin Afrilu, da rana ta haura digiri 40 kwalta na tururi, gam laushi yake yi. Ga tsidau da ƙayar aduwa a gefen hanya, kuma mai faci ba zai farke maka ɗinki ya mayar ba. Bar shi.

Da ni ne, ga abin da zan yi. In nemi hob, wato cibiyar ƙafa, na Shimano 600 ko 105 na 126 mai rami 32, a wanke shi a zuba sabon boris da giris. In na samu wanda haƙoran ke zurawa a kan gindinsa na Hyperglide mai hawa bakwai, shi zan ɗauka, don sandar tsakiyarsa ba ta lanƙwashewa a rami kamar ta mai firiwil na murɗawa. Tsohon tsarin Shimano na Uniglide kuwa haƙoransa sun yi wuyar samu. In kuma ka fi son ƙas-ƙas ɗinka na shida ya ci gaba da aiki, zauna a kan firiwil, mai haƙora 14 zuwa 28 na kekunan gwanjo yana hawa. Sai rim: tsohon Araya ko Wolber in an dace. Ka aza bakin ma'auni a inda robar birki ke kamawa, in ka ga haske ta ƙarƙashi ya cinye, kuma yashinmu zai ƙarasa shi cikin damina ɗaya. Duba bakin ramukan sifok ma, masu launin toka nan suke fara tsagewa. In ba a samu ba, Mavic CXP 33 ko sabon rim fari mai sheƙi irin H Plus Son Archetype mai zurfin milimita 25 ba sa ɓata wa tsohon ƙarfe fuska, ko da yake ba na shekarar ba ne. Velocity Deep V ya kai 30, ni nan ne iyakata.

A ɗaura shi sifok na ƙetare uku, gaba da baya. Na san ɗaurin miƙe-miƙe, wanda sifok ba sa ƙetare juna, a ƙafar gaba ya fi burgewa, amma kunnuwan tsohon hob ba don shi aka yi su ba, yana iya ɓalle su. Taya mai faɗin milimita 25 ko 28 in fok ɗin ya bari, kada ka bi 19 da 20 na wancan lokaci. Ka tanadi tiyub mai siririn bawul da tsayinsa ya fito sosai daga rim, da famfonka na kanka, don na masu faci bakin bawul na mota yake kamawa.

Ka auna bayan, ka turo mana haruffan nan biyu. Ina da hob na gaba mai rami 32 a ajiye, in ya dace ka biyo ta shago bayan la'asar ka duba.