Shin jini da tsiraici ne ke sayar da fim?

Malam, ka tambaya ko zubar da jini da tsiraici ne ke jawo wa fim kasuwa. Ba lallai ba. A Amurka, fim mai tambarin R, ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, ka ga an rage masu sayen tikiti ke nan. Shi ya sa gaggan da suka fi tara kuɗi, irin su Avatar, masu tambarin PG-13 ne, wanda bai hana yara shiga ba tare da babba ba: ana gwabzawa, amma ba a nuna jini ƙuru-ƙuru. Joker na 2019 ya haura dala biliyan 1 duk da R ɗinsa, sai dai irinsa tsiraru ne, kada ka ɗora lissafinka a kansa. In a Kano za ka fitar, tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai tun kafin ka zuba kuɗin ɗauka.