Tambayoyin Masu Karatu: Jirgin Ruwa Ko Mota, Wanne Ya Fi Dacewa Da Iyali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu shida ne za mu je Masar a hutun ƙarshen shekara: ni da maiɗakina, da yara uku, mai shekara 12, da mai 7, da auta mai shekara 2, sai mahaifiyata da ke fama da ciwon gwiwa. Kamfanin da ke shirya mana tafiyar ya ce mu zaɓa, ko mu hau jirgin ruwa a Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, ko mu bi ta ƙasa da mota da ɗan jagora muna kwana a otal. Kwana takwas muke da su. Wanne ya fi? Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kuma saka maka da alheri da ka sa ta cikin tafiyar. Lissafin nan daga kanta da auta zai fara, domin abin da su biyun za su iya ɗauka shi ne iyakar abin da iyalin za su iya.

Da yawa suna zaton jirgin Nilu wurin kwanciya ne a huta. Ba haka ba ne. Yawo ne na ƙasa sosai, illa dai ɗakin kwananka yana tafiya tare da kai. Daga Luksor zuwa Aswan ana yin dare huɗu, daga Aswan zuwa Luksor dare uku, saboda ana bin ruwa. Kusan kullum akwai fita, wani lokaci tun kafin rana ta ɗaga: tsohon wurin bauta na Karnak da maƙabartar Fir'aunoni ta Kwarin Sarakuna a Luksor, sai tsofaffin wuraren bauta na Edfu, da Kom Ombo, da Fila a Aswan. Babban amfaninsa shi ne sau ɗaya za ku kwance kaya, abinci sau uku yana cikin kuɗin, kogin kuma ba ya da igiyar ruwa, babu jiri babu amai. Ranar da Hajiya ta gaji, sai ta zauna a inuwar saman jirgi tana kallon gonakin rake da dabino, ku kuma ku fita ku dawo ku same ta. A mota ba a samun wannan. In ayari ya tashi, kowa ya tashi.

To amma ga inda gizo yake saƙar. Jiragen nan hawa huɗu ne ko biyar, ɗakin cin abinci yana can ƙasa, wurin shan iska yana can sama, kuma da yawansu ba su da na'urar hawa bene. Ke nan Hajiya za ta riƙa hawa da sauka aƙalla sau uku a rana don abinci kawai. Sannan a tashar bakin kogi ana jera jirage ne gefe da gefe, ta yadda sai kun ratsa ta cikin jirgi biyu ko uku kafin ku taka ƙasa, kowanne da ɗan tudu a bakin ƙofa, daga ƙarshe a bi wani siririn katako zuwa matakalar gaɓa. Don haka kada ka biya ko sisi sai kamfanin ya rubuto maka sunan jirgin, da tabbacin yana da na'urar hawa, da benen da ɗakin Hajiya yake. In suka ce “ko makamancinsa”, ka ƙi, domin wannan kalmar ce ke ba su damar sauya maka jirgi ranar tafiya.

Wuraren ma ba ɗaya suke ba. Kom Ombo a bakin ruwa yake, 'yan taku kaɗan ne, kuma yara za su so ɗakin da aka ajiye busassun kadoji. Edfu da keken doki aka saba zuwa, hawansa yana da tsawo ga mai ciwon gwiwa, sai ka nemi a sama mata mota. Fila a tsibiri yake, ana shiga ƙaramin kwalekwale mai inji, a riƙe mata hannu sosai wajen shiga da fita. A Kwarin Sarakuna tikiti ɗaya yana ba ka damar shiga kabari uku, na Fir'auna Tutankamun kuma da tikitinsa daban. Wasu kaburburan gangara ce mai zurfi, ka ce wa ɗan jagora ya zaɓa mata mai sauƙi guda ɗaya. Tsohon wurin bauta na Abu Simbel kuwa, kusan kilomita 280 ne kudu da Aswan, ana tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, sa'a uku zuwa huɗu a mota zuwa, haka dawowa. Ka tafi da manyan yaran in kana so, amma Hajiya da auta su zauna.

Game da auta: babu wurin renon yara a yawancin jiragen Nilu, akwai kududdufin wanka a buɗe a sama, kuma ƙarafan gefe ba don ɗan shekara biyu aka yi su ba. Dole a samu babba guda da idonsa ke kansa ko da yaushe. Ɗakunan kuma gado biyu ne, a ƙara na uku, saboda haka ku shida ɗaki biyu ne mafi ƙaranci, ka nemi masu maƙwabtaka.

Idan ta ƙasa ne, ka tambaya ko babbar mota ce ta haɗaka ko taku ce ku kaɗai. Ta haɗaka ta fi araha, amma ba ta jiran mai tafiya a hankali, kuma takan tsaya a shagunan turare da na zane-zane inda jagora ke samun kamasho. Ƙaramar mota taku ku kaɗai tana tsayawa lokacin salla, ta koma otal in yaro ya fara rigima.

Shawarata: dare uku a Alƙahira da motarku, ku ga dalar Giza da Masallacin Azhar da kasuwar Khan Khalili, ku hau jirgin sama zuwa Aswan, ku yi dare uku a ruwa zuwa Luksor, daren ƙarshe a Alƙahira. Jiragen ruwan suna da ranakun tashinsu, don haka ka fara kama wannan ranar kafin tikitin jirgin sama. In ba a samu jirgi mai na'urar hawa ba, ka haƙura da ruwan, ku kama otal a Luksor ku riƙa fita da mota. Ƙarshen Disamba lokacin cunkoso ne da tsada, dare kuma akwai sanyi sosai a kan kogi, ku tafi da rigunan sanyi. Ka tanadi kuɗin ruwan gora da na bakshish, wato tukwici, don ba sa cikin farashi, kuma kowa ya riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfonsa.

TAMBAYA: Ina da juna biyu wata uku. Maigida yana so mu hau babban jirgin Bahar Rum daga Basalona ta ƙasar Sifaniya nan da wata uku, da ɗanmu mai shekara 4. Akwai matsala? Daga wata uwargida a Kaduna.

AMSA: Akwai, Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Manyan kamfanonin jiragen teku ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, domin ɗan asibitin da ke cikin jirgi ba zai iya kula da bakwaini ba. Nan da wata uku kin wuce wannan iyaka. A bakin tasha za a mayar da ke, kuma da wuya a dawo da kuɗin. Ko dai a matso da tafiyar, ki tafi da takardar likita mai nuna makon cikin, ko a ɗage sai bayan haihuwa. A nan ma yawancinsu sai jariri ya cika wata shida.

In an ɗage, Alhaji ya lura da biza tun da wuri. Jirgin da zai fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu bizar haɗaka, ya tsaya a Tunisiya ko Turkiyya sannan ya komo Italiya ko Sifaniya yana buƙatar biza mai shiga fiye da sau ɗaya, kuma ko da kun ce ba za ku sauka a wata tasha ba, ana iya hana ku hawa in takardunta ba su cika ba. Ku isa garin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, domin in jirgin sama ya yi latti, na ruwa ba ya jira. Haka ma a kowace tasha: akan rufe shiga kamar minti 30 kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na gari. Wanda ya fita yawo da kansa ya makara, shi zai nemi hanyar riskar jirgin a tasha ta gaba da kuɗinsa.

Ɗanku zai more, don akwai wurin wasan yara da masu kula tun daga shekara uku. Ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi. Abincin halal sai an nema a rubuce lokacin biyan kuɗi. In ba a tabbatar ba, ku tsaya ga kifi da kayan lambu. Ku sani kuma akwai mashayar giya da gidan caca a yawancin jiragen. Ana cire kuɗin hidima kowane dare a kan kowane mutum, dutsen guga da butar lantarki ana ƙwace su a ƙofa, waya kuma a rufe mata layi da zarar an bar gaɓa, don cajin kira da intanet a tsakiyar teku yana da tsadar gaske.